Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan Majalisarmu Ɗan Wane Gida Ne?

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri guda suka dosa: wane ne mutumin da ke zaune a kujerarmu ta Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, daga wane gida ya fito, kuma ina ruwan doka da gidan nasu. Lauyan wannan fili da mai kula mana da sashen tarihi suka haɗu suka amsa. Mun rage tsawon wasu wasiƙun.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: An ba ni aikin rubuta tarihin wani dattijo da ya taɓa wakiltar yankinmu a majalisar jiha, Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yansa sun ba ni takardar da aka buga lokacin kamfe da kaset ɗin waƙar da aka yi masa. Malamina ya duba ya ce in koma in yi aiki. Ta ina zan fara?

AMSA: Malaminka bai zalunce ka ba. Takardar kamfe don a ci zaɓe aka rubuta ta, waƙa kuma don a ci kyauta. Ajiye su tukuna, za su yi rana daga baya.

Fara da tantance wace majalisa ya zauna, don nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Jihar Sakkwato da aka kafa a 1976 ta haɗa har da Kabi da Zamfara na yau. Wanda ya zauna majalisar 1979 zuwa 1983, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Garba Nadama, ya zauna ne tare da wakilan Argungu da Zuru da Gusau, kuma ba lalle iyakar mazaɓarsa ta yi daidai da ta yanzu ba. An cire Kabi a 1991, don haka majalisar 1992 zuwa 1993 akwai mutanen Gusau a ciki, babu na Birnin Kabi. Zamfara ta tafi a 1996. Yau kujeru 30 ne ga ƙananan hukumomi 23, domin bakwai daga ciki bibbiyu gare su: Sakkwato ta Arewa, Sakkwato ta Kudu, Boɗinga, Gwadabawa, Gada, Sabon Birni da Tambuwal. In ka rubuta "ya wakilci Gada" ka yi shiru, malaminka zai tambaye ka ta gabas ko ta yamma.

Daga nan sai takardu. Kowane ɗan takara yana cike fom na rantsuwa da jam'iyyarsa ke miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC. A da CF001 ake ce masa, a zaɓen 2023 kuwa EC9. Cikinsa akwai suna, ranar haihuwa da wurinta, makarantu da shekarun da aka yi su, wuraren aiki, da kwafin takardun shaida. Sashe na 29 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya ba kowa damar rubuta wa hukumar, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba shi kwafi mai hatimi cikin kwana 14. Ofishin Akawun Majalisa kuma shi ke ajiye kundin zama da jerin kwamitoci. A nan za ka gane ko marigayin ya taɓa kawo ƙudiri da kansa, ko kuwa "na goyi baya" ne aikinsa shekara huɗu. In mutumin naka na zamanin Majalisar Jihar Arewa ne, kafin 1966, to Kaduna za ka nufa, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. In gidan sarauta ne ko na malamai, leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan cikin garin Sakkwato. Kada ka raina tsohuwar rajistar shiga firamare da ke cikin kabad ɗin hedimasta, sau da yawa ta fi duk sauran gaskiya, don an rubuta ta tun yaron bai san zai yi siyasa ba.

Sai ka shiga gida. Kada ka faɗa musu kai kaɗai da rikoda a hannu. Nemi wanda suka sani ya yi maka iso, ka riƙa goro, ka fara gaida babban gida ya ba ka izini. Amma in salsala kake nema, ba a zaure take ba, tana ciki wurin goggo. Yayar uba ko ƙanwarsa da ta manyanta ita ke riƙe da wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wane yaro aka kai riƙo kuma wurin wa. Ka kiyaye alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, matar marigayi ba za ta faɗi sunan mijinta ba, sai dai "maigidan" ko "baban su wane". Kada ka matsa mata. Zauna kusa da wata jikar gidan ta riƙa raɗa maka sunan, kai ka faɗa a fili, tsohuwa ta gyaɗa kai ko ta girgiza.

In gidan mata biyu ne ko fiye, ji daga kowane ɗaki, kuma ba a zama ɗaya ba. 'Yan uba ba su cika haɗuwa kan labari guda ba, musamman batun wanda ya biya kuɗin makaranta da gonar wa aka sayar aka sayi fom. Inda bakinsu ya zo ɗaya, rubuta. Inda ya saɓa, rubuta duka biyun.

Shekarar haihuwa ta fi komai wuya. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta 1992 ce. Kafin nan mutumin karkara sai buƙata ta taso yake zuwa kotu da baffa ko yaya a yi masa rantsuwar shekaru, shi ya sa za ka yi ta cin karo da 1 ga Janairu. Tsofaffi ba lamba suke riƙewa ba, abin da ya faru suke riƙewa, kai ne za ka mayar da shi lamba. "Ina goyonsa aka kashe Sardauna" Janairun 1966 ke nan. "Shekarar da motoci suka koma hannun dama" 1972. "Da aka bar fam da sule aka koma naira" 1973, kuma babban fari ya faɗo a wannan tsakanin. "Canjin kuɗin Buhari" 1984. "Rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar" 1988. Rajistar makaranta ma tana taimakawa: a da ana ɗaukar yaro aji ɗaya in ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, wato wajen shekara shida zuwa bakwai. Sai dai ka yi hattara da 'yan 1976, don shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa ya kwashi har da waɗanda suka fara tsaga huɗa a gona. Suna kansa shaida ne. Labaran da Ɗan'azumi cikin azumi aka haife su, Anaruwa da damina, Gambo bayan tagwaye, Tanko bayan mata.

Yanzu ka ɗauko kaset ɗin. Mawaƙi ba ya barin sunan wanda ya ba shi kyauta, saboda haka zai jera maka abokai da iyayen gida da ƙauyukan da marigayin ke da jama'a. Waɗanda ke raye a cikinsu su ne mutanen da za ka nema gaba.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Wurno: Ina da niyyar tsayawa takara. Takardar firamarena da sunan baffana da ya riƙe ni aka yi ta, ta sakandare da sunan mahaifina, katin zaɓe kuma sunan garinmu ne a ƙarshe. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, Malam, kuma gara ka tare ta tun ba ka sayi fom ba. Ba kai kaɗai ba ne, haka tsarin sunayenmu yake. Yaron riƙo sunan mariƙinsa ake rubuta masa ranar shiga makaranta. Ga laƙabi: Usman ya zama Shehu, Abubakar ya zama Garba ko Buba, Umaru ya zama Sanda. Ga sunan gari da makarantun kwana suka saba liƙa wa yaro don a bambanta Muhammadu da Muhammadu. Dubi Shehu Shagari: Usman ne sunan yanka, Aliyu mahaifinsa, Shagari garinsu. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Alƙali kuwa takarda yake karantawa.

Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa. Ba takardunsa ne suka jawo ba, na mataimakinsa ne, waɗanda ke ɗauke da sunaye daban-daban da ba a haɗa su ta hanyar da doka ta yarda ba. Abin da lauyoyi suka ɗauka daga wannan hukunci shi ne rantsuwar kotu kaɗai ba ta gyara sunan da ke kan takardar jarrabawa.

Shimfiɗa takardunka duka a tabarma ɗaya: ta haihuwa, firamare, sakandare, NCE ko digiri, NIN, katin zaɓe. Zaɓi suna guda da jeri guda da za ka tsaya a kai. Kowace takarda ta saɓa, koma wurin wanda ya bayar da ita, ta firamare ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ta WAEC ko NECO hukumar jarrabawar ta hannun makarantarku. Ba kowane gyara suke karɓa ba. In sun ƙi, bar ta yadda take, ka sa lauya ya shirya maka takardar sauya suna da ta lissafa tsofaffin sunayen duka, a buga ta a gazet ɗin gwamnati da jarida. Sannan in ka zo cike fom ka bayyana su, kada ka ɓoye ko ɗaya. Babban gangancin da ake yi shi ne kai takardar shagon kwamfuta a goge suna a dasa wani. Da kuskure ne mai bayani, yanzu ya zama jabu, kuma sashe na 107 na Tsarin Mulki ya hana wanda ya miƙa wa INEC takardar jabu zama ɗan majalisa.

Ka kuma san wanda zai kai ka ƙara. A dokar 2022, kafin zaɓe wanda kuka yi zaɓen fid da gwani tare ne ke da ikon zuwa Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 14. Wato ɗan gida, wanda ya san baffan naka da sunansa. Tunda kai ma'aikacin gwamnati ne, Tsarin Mulki ya ce ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma ka adana takardar da ke nuna ranar da aka karɓi murabus ɗin.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Illela: Wanga yaro da muke son tsaidawa, uwarshi mutuniyar Ƙonni ta, can ma aka haife shi. 'Yan adawa na ta yaɗa cewa ba ɗan ƙasa ba na. Mi doka ta ce?

AMSA: Alhaji, ko da yake Ƙonni cikin Nijar take, in mahaifinsa ɗan Najeriya ne magana ta ƙare. Sashe na 106 na Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisar jiha ya kasance ɗan ƙasa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya ɗan ƙasa ne ta haihuwa in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Ɗaya, ba duka biyu ba, kuma bai ce sai uba ba. Wanda aka haifa a cikin Najeriya bayan 1 ga Oktoban 1960, ko kaka guda ya isar masa.

Wannan zargi tsoho ne. A Janairun 1980, zamanin mulkin Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Cadi bisa cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. A yankinku kuwa in za a bi wannan hanya, gidaje nawa za su tsira? Iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta ratsa tsakiyar Gobir da Adar da Ƙonni ne. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri ta Nijar jini ɗaya ne. Shehu Usmanu kansa a Maratta aka haife shi a 1754, ƙasar da yau take cikin Nijar.

Abin da za ku tanada: takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma wadda ta bi ta hannun hakimi da uban ƙasa, duk wata tsohuwar takarda ta mahaifin, da dattawa biyu da suka san auren kuma za su iya tsayawa gaban alƙali. Inda ake faɗawa rami shi ne a ce don gudun surutu bari a rubuta Illela a gurbin wurin haihuwa. Haihuwa a Ƙonni ba ta hana shi takara. Ƙarya cikin rantsuwa kuwa ita ce sandar da za ku miƙa wa abokan hamayya da hannunku.

TAMBAYA, daga wata Hajiya a Kware: Maroƙa suna kiran ɗan majalisarmu jikan Shehu, ga shi da rawani. Yaya ake gane ɗan sarauta na gado?

AMSA: Hajiya, rawani iri biyu ne. Akwai na gado, wanda ke yawo cikin gida ɗaya, kamar Wazirin Sakkwato da ke hannun Giɗaɗawa, zuriyar Waziri Giɗaɗo mijin Nana Asma'u, ko Sarkin Kabin Yabo, Arɗon Shuni, Baraden Wamakko, Sarkin Yaƙin Binji. Akwai kuma na karramawa, wanda sarki ko uban ƙasa ke naɗa wa mutum don hidimarsa ko arzikinsa, kuma 'yan siyasa sun fi yawa a nan. Ba aibi ba ne, amma ba asali ba ne. Tambaya uku ke raba su: wa ya naɗa shi, wa ya riƙe sarautar kafin shi, kuma mene ne tsakaninsu.

Shi kuwa "jikan Shehu", a bakin maroƙi duk Basakkwacen da ya sa hannu aljihu ya samu. Na gaskiya yana iya faɗin ta wane ɗa ya fito, Bello ne, Atiku ne, Buhari na gidan Tambuwal, Rufa'i na Silame, ko Isa na nan Kware, sannan ya jero sunayen ba tsallake. Misali, Sarkin Musulmi Sa'ad ɗan Abubakar ne, ɗan Usman, ɗan Mu'azu, ɗan Bello, ɗan Shehu. In aka jero uku aka ce "da sauransu", sai ki nemi goggon gidan. Sunan gari a ƙarshen suna kuma ba ya nuna komai sai garin. Ɗan uban ƙasa da ɗan maƙerin gari duk suna iya amsa Wamakko ko Tambuwal. Doka dai ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin wannan ba.

TAMBAYA, daga wani alaramma a Goronyo: Ɗana ya haddace Alƙur'ani, ya yi littattafai, amma bai yi sakandaren boko ba. Shekararsa 27. Zai iya?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, shekaru sun kai, don tun gyaran 2018 aka sauko da su daga 30 zuwa 25. Karatun ne ke son dabara. Ana buƙatar matakin sakandare ko makamancinsa, kuma sashe na 318 na Tsarin Mulki ya buɗe wata ƙofa ga mai takardar firamare: aikin shekara 10 da INEC ta yarda da shi, kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da magana da Turanci. Duka ukun tare ake so, kuma ƙofa ce mai jawo shari'a. Hanya mafi sauƙi ita ce ya zauna jarrabawar hukumar NBAIS ta makarantun Arabiyya, ko WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Mai hadda ba zai sha wuyar NBAIS ba.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar jinya a Mabera: Tun da maƙwabcinmu ya shiga majalisa gidaje ke ta fitowa da sunan matansa da 'ya'yansa. Doka ta san da wannan? Kuma in ɗan majalisa ya rasu, gaskiya ne ɗansa ko ƙanensa ke ƙarasa wa'adin?

AMSA: Ta biyun tukuna, don gajeriya ce. Kujera ba gado ba ce. In ya rasu Kakakin Majalisa ya sanar da INEC, a yi zaɓen cike gurbi, wanda Tsarin Mulki ya ce a yi cikin wata guda ko da yake a aikace yakan ja. Jam'iyya kan tsayar da ɗa ko ƙane don ƙuri'ar tausayi, amma sai ya bi fid da gwani ya kuma ci akwati kamar kowa.

Ta farkon kuwa, Malama, nan ne kaɗai doka ta shiga har cikin ɗaki. Sashe na 94 na Tsarin Mulki ya hana zaɓaɓɓe zama a kujerarsa sai ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma dole ne ya sake bayyanawa in wa'adi ya ƙare. Bayanin ya haɗa da dukiyar 'ya'yansa da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba, fom ɗin kuma yana da gurbin ta mata. Duk abin da ya ƙaru tsakanin bayanin farko da na ƙarshe wanda albashi ko rance ko halattacciyar kyauta ba su iya bayyana shi ba, ana ɗaukarsa saɓa doka ne sai in shi ya kawo hujja. Sa sunan wani ba ya kuɓutar da shi, don ƙa'idar ta ce abin da ka yi ta hannun wakili kai ka yi. An hana shi ajiya a bankin ƙasar waje. Ba shi da rigar kariya irin ta gwamna da mataimakinsa. Hukuncin kotun ɗa'ar ya kai ga sauke shi, hana shi riƙe muƙami har shekara 10, da ƙwace dukiyar.

Wahalar ita ce ganin fom ɗin, domin hukumar ba ta saba buɗe shi ga jama'a ba. Abin da ke hannunki shi ne takardar koke zuwa ofishinta na jiha, da sunanki da sa hannunki. Kafin ki rubuta ki tabbatar, don matar na iya zama ta gaji filin daga mahaifinta, kuma zargi ba hujja yana iya juyowa kanki a kotu. Koken da ake saurara shi ne mai lambar fili, unguwa, shekarar da aka saya da sunan da ke kan takardar mallaka.